Naira 71,000 ba ta kowa ba ce: jan hankali ga 'yan ƙwadagon Kura da kewaye

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe a lokacin yankan shinkafa, idan ya iso Kura zai tarar da samari tsaitsaye a bakin titi, kowa da laujensa a hannu, wani da ƙullin garin kwaki a leda. Jira suke mai gona ya tsaya da babur ya ce, "Mutum biyar nake so." Kafin ya rufe baki mutum goma sun kewaye shi. Wasu 'yan gari ne, wasu 'yan ci-rani. Waɗannan su ne ƙashin bayan arzikin yankin, kuma su ne maganar ƙarin albashi da aka yi ta yayatawa a rediyo ba ta taɓa ko da gefen rigarsu ba.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ɗora dubu ɗaya a kai, na ma'aikatan Kano ya zama 71,000. Abin da ba a cika gaya wa mutanen karkara ba shi ne dokar da kanta ta ware wasu. Ba ta hau kan mai sana'ar da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi aikin jinga ko na kamasho ba, haka ma aikin da ke zuwa da lokacinsa kamar noma. To idan aka cire malaman firamare da ma'aikatan asibiti da na sakatariya da na 'yan manyan kamfanoni, mutum nawa suka rage a ƙarƙashin inuwar dokar a Kura ko Bunkure ko Garun Malam? Mai dashe, mai yanka, mai bugu, matan da ke sheƙa da masu turara shinkafa a rabin duro, ɗan dakon da ke lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, duk ladansu na hannun ciniki ne.

Yankin nan ya fi yawancin karkarar Arewa sa'a, domin tun da aka gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanan Kadawa rani da damina. Sai dai aikin da ruwan ke kawowa hawa da sauka yake yi, kuma sau da yawa daga Abuja ake kaɗa masa ganga. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injinan casa suka yi ta tsirowa, yaron da ya iya ɗinke bakin buhu ma ya samu abin yi. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashi ya karye a shekarar da ta biyo, mai saye ya ji daɗi, amma injina da yawa suka rage aiki, suka sallami yara. Tumatir ma haka. Kamfanin Dangote da ke Kadawa ya buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, aka yi ta murna. A shekarar tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kamfanin ya tsaya, tun daga nan kuma a buɗe yau a rufe gobe. Rinin da ya kai sunan rawanin ɗan Kura har ƙasar Buzaye kuwa, yawancin karofinsa sun zama kufai.

Saboda haka kada kuɗin wuni ya ruɗe ka. A ce a tsakiyar kaka ana ba ka naira 4,000 a rana. Mai albashin 71,000, idan ya raba nasa gida talatin, bai kai 2,400 ba, sai ka ga kamar ka fi shi. Amma idan kwana goma sha biyu kawai ka samu aiki a watan, 48,000 ka tashi da ita, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai kuma babu ko sisi. Sannan ka auna kuɗin da kwanon masara da kuɗin mota. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wanda ladansa ya ninka sau biyu a tsakanin nan, baya ya ci.

Ɗan yayata ya taɓa kama aiki a wani injin casa, aka ce masa 40,000 a wata, da baki kawai. Ƙarshen wata aka miƙa masa 23,000. Da ya tambaya, sai aka lissafa masa ranakun da ba a kawo wuta ba da waɗanda shanshera ta yanke, alhali kullum yana wurin tun safe har magariba, yana share fili. Ba shi da takarda, ba shi da shaida, dole ya haɗiye. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata uku su cika, kuma kada biyan lada ya wuce wata guda. Mu kuwa kunya ke cin mu, sai mu ce "ai ba ma yi haka da Alhaji ba", daga baya a zo ana rantse-rantse a gaban dagaci.

Wata masifar ita ce sayen aiki. Ganin albashin gwamnati ne kaɗai ba ya bin kaka, sai uba ya sayar da gona ko saniya ya ba wani ɗan tsakani, a kawo takardar ɗaukar aiki mai tambari, a je a tarar ta bogi ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo wa ɗanka aiki, ka ɗauke shi ɗan damfara, ko da ɗan'uwanka ne.

A ganina, inda haske yake a yanzu shi ne aikin hannu da ke bin injina. Tsadar fetur ta sa manoman rani komawa famfon sola, injin girbi ya fara cin aikin masu lauje, kowane ɗayansu kuma sai ya lalace ya nemi mai gyara. Yaron da ya iya haɗa sola, ko walda, ko gyaran injin ban ruwa, shi ke yanka wa mai gona farashi. Shagon POS kuwa ya riga ya cika kowace kwana, ribar ta zama ta raba-daidai.

Ɗan'uwa, kafin ka sunkuya a gonar wani ko ka ɗaga buhu a injinsa, ku yanke magana: jinga ce ko wuni, da abinci ko babu, yaushe za a biya, ranar da inji ya tsaya wa zai ɗauki asarar. A yi a gaban mutum biyu, ko ka sa a turo maka a waya ka ajiye. Ku kuma iyaye, kuɗin da za ku kai wa mai sayar da aikin bogi, ku biya wa yaro koyon sana'a da shi.