Ogzilari: yaushe ake sa ta, yaushe ake cire ta?

Da zarar damina ta kankama, hanyoyin karkara sun koma taɓo, sai ka ga jibgegiyar jif ta miliyoyin naira ta kafe a inda tsohuwar akori-kura ta wuce ɗazu. Mai ita ya fito yana ɗora wa motar laifi, alhali ogzilarin da za ta fid da shi tana nan dab da hannunsa, bai taɓa gwada ta ba tun da ya sayi motar. Akwai kuma ɗan'uwansa da ya sa ta a ƙauye, ya hau kwalta ya manta da ita, sai da kanikawa suka karanto masa lissafi. Wannan na biyun ya fi asara.

Dabarar jan mota da ƙafa huɗu ba sabuwa ba ce. Jif ɗin Willys na sojan Amurka ya fito a 1941, Land Rover ta biyo baya a 1948, Toyota ta ƙera kakar Land Cruiser a 1951, Hilux kuma ta sami mai jan ƙafa huɗu a 1979. Wanda ya san yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har aka laƙaba masa sunan Toyota, ya san abin da waɗannan motoci suke iya yi a rairayi. Sirrin yana cikin wani ƙaramin akwati a bayan giyabos, wanda yake raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya. Ogzilari ce take sarrafa shi: a 2H tayoyin baya kaɗai ke tura mota. A 4H duka huɗun suna ja. A 4L ma duka huɗun ne, amma an rage gudu an ninka ƙarfi, a Hilux kusan sau biyu da rabi.

Me ya sa kwalta busasshiya take lalata ogzilari? Ka dubi sawun mota a kan yashi bayan ta sha kwana. Layi huɗu za ka gani, kuma na baya sun yanko ta ciki, wato tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A motoci irin su Hilux da Land Cruiser 79, idan aka sa ogzilari, farfelolin biyu a ɗaure suke, tilas su juya daidai wa daida. A yashi ko laka babu damuwa, taya ɗaya za ta ɗan zame, rigimar ta mutu. Kwalta kuwa ba ta sakin taya. Sai ƙarfen ya riƙa murɗewa a ciki, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su yi ƙara, motar ta riƙa tirjiya a kwana, daga ƙarshe haƙoran giya ko haɗin farfela su biya bashin. Idan ka zo cirewa ta ƙi fita, kada ka yi mata ƙarfi. Ka yi ribas a miƙe na 'yan mitoci, murɗewar za ta saki.

Ba kowace mota wannan hukunci ya shafa ba. Prado da Land Cruiser 100 da 200 kullum a ƙafa huɗu suke tafiya, domin suna da difaranshal a tsakiya mai bai wa gaba da baya damar saɓawa. Sai dai maɓallin da ke kulle shi, shi ma na ƙasa mai santsi ne kawai. Su RAV4 da CR-V kuwa ba su da 4L sam, kuma cikinsu kusa da ƙasa yake. Siffar jif ba ta mai da su motocin daji ba.

4H ta burji ce mai gargada, da yashi, da laka, duk inda taya za ta iya zamewa amma ana bukatar ɗan gudu. A sa ta tun kafin a shiga wurin, tun motar tana kan ƙasa mai ƙarfi, domin wani lokaci sai tayoyi sun ɗan gangara kafin haƙoran su kama. Sababbin Hilux suna karɓar ta ana cikin tafiya, muddin ba a kai kilomita 100 a awa ba. Tsofaffin motoci kuwa suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba, sai an sauka an juya shi zuwa LOCK. Direbobi da yawa sun ja ogzilari sun yi ta ba da wuta, makullin yana FREE, tayoyin gaba ko gezau.

4L sai an tsaya cik, a taka kuloci, ko a sa mota a firi idan mai canza giya da kanta ce. Aikinta hawa mai tsini, irin hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila, da tsallake kwazazzabo, da janyo wata motar da ta kafe. A ganina ma ta fi amfani a gangara, inda inji zai riƙe mota tana saukowa a hankali, burki bai yi zafi ba.

Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku sun san abin da mutanen birni ba su cika sani ba: a rairayi, iskar taya ta kai ogzilari muhimmanci. Sukan rage ta zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin masu faci, taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Idan mota ta fara nutsewa suna ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin ƙarin wuta rami yake ƙarawa. Sai shebur da farantin da ake sawa a ƙarƙashin taya. Da an dawo kwalta kuma a mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Wani abin da ke halaka mutane shi ne zaton cewa ƙafa huɗu tana ƙara burki. Ba ta ƙarawa. Tana taimaka wa mota ta tashi, amma wajen tsayawa tayoyi huɗun nan ne dai da kowace mota take da su, ga kuma ƙarin nauyi da tsawo mai saurin kifewa. Haka ruwa mai gudu: santimita 60 ya isa ya tafi da jif, kuma inji in ya shaƙi ruwa ya gama aiki.

Littafin Toyota ya ba da shawarar a yi tafiyar kilomita 16 a kowane wata da ogzilari, don mai ya zaga kayan gaba. Mai mota irin Hilux ya nemi hanyar burji ya gwada tasa tun yanzu, ya kuma tabbatar tayoyinsa huɗu girmansu ɗaya ne.