Shin Dukan Matashin Kai Yana Huce Fushi?

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a har ta zama kamar hukunci tabbatacce, wai fushi a ƙirjin ɗan Adam tamkar ruwa ne a bayan madatsa, in ba a buɗe masa ƙofa ba sai ya fasa, don haka wanda aka ɓata wa rai ya je ya yi ta dukan matashin kai har ya huce. Asalin ra'ayin yana komawa ga Sigmund Freud, sa'an nan Konrad Lorenz, masanin ɗabi'ar dabbobi, ya ƙarfafa shi a littafinsa na 1963. Amma da aka ɗora shi bisa mizanin gwaji, sai aka ga ba shi da nauyi.

A binciken da Brad Bushman ya wallafa a 2002, ya tara ɗalibai kimanin 600 a Amurka, aka ci zarafin wata maƙala da kowannensu ya rubuta, aka ba wasu buhun 'yan dambe su naushe shi suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuwa aka bar su zaune shiru na minti 2. Da aka ba kowa damar ramuwa ta hanyar sakar wa abokin husumarsa ƙara mai tsanani a kunne, masu naushin nan su suka fi tsananta azaba. Malaman da ke umartar mai fushi ya zauna, ko ya yi alwala, ba za su yi mamakin wannan ba.

Ra'ayin cewa takaici ne ke haifar da cin zali kuwa yana da rabonsa na gaskiya. John Dollard da abokansa na jami'ar Yale sun bayyana a 1939 cewa wanda aka tare wa hanyar biyan buƙata yakan huce haushin kaza a kan dami, kamar magidancin da ubangidansa ya wulaƙanta a kasuwa, ya dawo gida ya hau yaro da faɗa saboda butar da aka bari ba ruwa. Sai dai cewa kowane takaici lalle ya haifi cin zali wuce gona da iri ne, kuma Neal Miller, ɗaya daga cikinsu, ya sassauta da'awar tun 1941.

Akwai kuma masu ɗora alhakin cin zali a kan halitta, amma jita-jitar da ta biyo bayan binciken Patricia Jacobs a Sikotilan a 1965, wai maza masu ƙarin ƙwayar halitta ta Y an halicce su makasa, wannan ƙage ne. Binciken da aka yi a Denmark a 1976 bai same su da rinjaye a laifukan zubar da jini ba.