Yadda A Ke Share Siton Kwamfuta

Yara, wanda ya taɓa zuwa Kano a cikinku watakila ya ji sunan Bompai da Sharada da Challawa. Waɗannan wurare uku su ne matattarar masana'antun Kano. Bompai ita ce babbarsu a shekaru, tana gabas da birni. Sharada tana kudu, Challawa kuwa tana can gaba, kusa da kogin da ta ci sunansa. A wuraren nan a ke jeme fatu, a ke kuma yin takalma da bokitai da tabarmi na roba.

Kowace masana'anta tana da sito. In makaniki ya canja wa inji wani ƙarfe, ba ya yar da tsohon nan da nan. Ya kan kai shi sito ya ajiye, don in sabon ya ƙi aiki a mai da tsohon. Wannan dabara ce mai kyau. Amma fa in an yi ta ajiyewa ba a kwashewa, wata rana mota za ta kawo fatu a rasa inda za a sauke su.

To, kwamfuta ma tana da nata siton. Sunansa faifan ajiya. A cikinsa ta ke tara wasiƙu da hotuna da lissafin kuɗi. Kamar yadda a ke awon hatsi da mudu, shi kuma ana awonsa da gigabait. Wani faifan yana cin gigabait 128, wani 256, wani ya fi haka.

Wata rana, a ƙarshen wata, na tafi gai da wani ɗan'uwana da ke aikin akawu a wata masana'anta a Sharada. Na tarar da shi yana ta gumi. Ya gama lissafin albashin ma'aikata, amma kwamfuta ta ƙi ajiye aikin, ta ce babu wuri. Ga shi kuwa gobe ne ranar biya, mutane suna jira su sayi hatsi su biya kuɗin haya. Ya ce mini, "Yaya, na share hotunana duka, amma kamar ban yi kome ba." Ashe ba hotuna ne su ka cika siton ba.

Ku saurara ku ji dalili. A cikin kowace kwamfuta akwai wata babbar manhaja wadda ita ce uwar sauran. Ita ke tashe ta in an kunna, ita ke raba wa kowa aikinsa, kamar manajan masana'anta. Wadda aka fi amfani da ita a ofisoshinmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin nan ya kan aiko da gyara ta intanet ranar Talata ta biyu a kowane wata, don a toshe ƙofofin da ɓarayi su ke bi. Wani lokaci kuma ya kan aiko da babban canji, kamar sa'ad da Windows 11 ta fito a 2021.

In gyara ya zo, kwamfuta ta kan yi abin da makaniki ya yi. Ta sa sabon, ta ajiye tsohon. Kwalin da gyaran ya zo a ciki ma ta kan bar shi a sito. In kuwa babban canji ne, sai ta tattara tsohuwar manhajar ɗungum ta zuba a wata jaka mai suna Windows.old. Jakar nan kaɗai tana iya cin gigabait 10 ko 20. Kwamfuta ta kan share ta da kanta bayan kwana 10, ƙananan tsofaffin kaya kuwa sai sun yi kwana 30. Amma ita ba ta irin wannan shara sai ta ga an bar ta ta huta. Kwamfutar da a ke kashewa da an tashi daga aiki ba ta cika samun sukuni ba. In faifan ƙarami ne kuma, yana iya cika tun kwanakin ba su cika ba.

Ga yadda mu ka yi. A ƙasan allo akwai wurin nema. Mu ka rubuta Disk Cleanup, watau tsintsiyar da aka yi wa kwamfuta tun asali. Da ta buɗe sai mu ka zaɓi faifan da a ke kira C, don a nan uwar manhaja ta ke zaune. Sa'an nan mu ka danna inda aka rubuta Clean up system files. Wannan shi ne matakin da mutane da yawa su ke mantawa, alhali in ba a danna shi ba tsintsiya ba ta shiga ƙuryar sito. Kwamfuta ta ɗan yi nazari, sai ta jero sunayen tarkace, kowane da nauyinsa a gefe. Mu ka sa alama a biyu: Windows Update Cleanup, watau ragowar gyare-gyare, da Previous Windows installation, watau tsohuwar manhaja. A sababbin kwamfutoci ana iya bi ta Settings, a shiga System, a shiga Storage, a sami tarkacen a can.

Amma kafin ku ce a share, ku tsaya ku yi tunani. Abin da tsintsiyar nan ta kwashe ba ya dawowa. In an share tsohuwar manhaja, an rufe hanyar komawa gare ta. Saboda haka sai a fara tambaya: tun da aka yi canjin, kwamfuta tana aiki lafiya? Injin buga takarda yana amsa kira? In akwai abin da ya lalace, a dakata tukuna. A cikin jerin kuma, wani lokaci a kan ga jakar Downloads. Ita ba tarkace ba ce, kayan da mai kwamfuta ya sauko da su ne da hannunsa. Kada a sa mata alama sai an duba.

Akwai wata jaka kuma mai suna WinSxS. Masu karambani su kan ga girmanta su ce bari su rage ta da hannu. Kul! A nan ne ake garin neman gira a rasa ido, gama cikinta akwai kayan da kwamfuta ta ke aiki da su yanzu, har tana iya ƙin tashi sam. Tsintsiya ita ta san wanda ya tsufa da wanda bai tsufa ba.

Ɗan'uwan nan nawa ya ce, "To, ai sai in hana gyaran zuwa in huta." Na ce masa ya yi kuskure. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. A Ingila har asibitoci su ka mai da marasa lafiya gida. Maganinta kuwa an riga an aiko da shi tun watan Maris, sai dai mutane da yawa ba su karɓa ba.

Sharar ta ɗauki lokaci, don irin wannan aiki ba ya son gaggawa, ba ya kuma son a ɗauke wuta yana tsaka. Shi ya sa mu ka tabbata batir a cike ya ke kafin mu fara. Mu ka tafi mu ka yi sallar la'asar. Da mu ka dawo ta gama, mu ka kashe ta mu ka sake kunnawa. Jan layin da ke nuna faifai ya cika ya koma shuɗi. Akawu ya ajiye lissafinsa, ya buga takardun albashi, ya kai wa manaja ya sa hannu.