SHIMFIƊAR ZOMAYE: WADDA ZA KA ZUBA DA WADDA ZA KA GUJE WA

GABATARWA

Kiwon zomo sana'a ce mai sauƙin jari. Da zomanya biyu da namiji ɗaya za ka iya farawa a bayan ɗaki, ko don nama, ko don sayarwa, ko kuwa don yara su sami abin kiwo su saba da kula da dabba. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31 ko kusa da haka, saboda haka ba a daɗewa akurki ya cika.

Amma fa yadda suke saurin yawa, haka suke saurin mutuwa. Mai kiwo yakan ɗora laifi a kan abinci ko a kan iska, alhali sau da yawa cutar tana nan ƙarƙashin ƙafar zomon, cikin abin da aka shimfiɗa masa. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka zaɓi shimfiɗa mai lafiya daga cikin abubuwan da ke gonarka da garinku.

ME YA SA SHIMFIƊA TAKE DA MUHIMMANCI?

Abu uku zomo yake yi da shimfiɗarsa.

1. Yana cin ta. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka kome ya gani sai ya gaigaya. Kuma zomo ba ya amai. Abin da ya haɗiye ya shiga ke nan. In mai guba ne zai yi aikinsa, in mai toshe hanji ne zai toshe.

2. Yana shaƙar ta. Hancinsa a ƙasa yake dare da rana. Ƙura da zarnin fitsari suna ƙona hanci da huhu, daga nan sai mura ta sami ƙofa, irin wadda ke sa atishawa da farar majina, kuma tana da wuyar rabuwa da zomo.

3. Yana kwance a kanta. Tafin ƙafar zomo ba shi da tsoka mai kauri irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ke kare shi. In gashin ya jiƙe ya zube, sai gyambo. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ita ce gidan ƙwayar cutar kwaksidiyosis, mai sa zawo da lalata hanta, wadda ta fi kashe 'ya'yan da aka yaye.

To, ga ƙa'idar da za ka riƙe: abin da ba za ka yarda ka zuba wa zomo a kwanon abinci ba, kada ka shimfiɗa masa shi.

GWAJI HUƊU KAFIN KA ZUBA

Ɗebi cikin hannu ɗaya ka gwada kamar haka:

1. Murza. Busasshiyar ciyawa tana ƙara, tana karyewa. In ta lanƙwashe kawai, ko ka ji sanyi a tafinka, da sauran danshi. Mayar da ita rana.

2. Kaɗa a hasken rana. In ka ga ƙura ta tashi kamar hayaƙi, ko ta sa ka tari, zomo ma haka za ta yi masa, har fiye.

3. Sansana. Warin ruɓa, ko warin magani, ko na man inji, ko ƙamshi mai ƙarfi na itace, duk alamar a bari ce. Duba kuma ko akwai fumfuna, fara ko baƙa ko koriya.

4. Tambayi asali. Daga wace gona ta fito? An yi feshi a wurin? Wane katako aka yanka? In mai ba ka bai sani ba, ka haƙura ko da kyauta ce.

SHIMFIƊA MAI KYAU

Busasshiyar ciyawa mai laushi. Ita ce ta ɗaya, domin in zomo ya ci ma amfani za ta yi masa. Harkiya, burburwa, da ƙyasuwa ko gamba waɗanda aka yanka tun suna da taushi kafin su yi kai, duk suna yi. Ka tsince ƙarangiya da ƙaya kafin ka zuba.

Tattakar shinkafa ko ta alkama. Tana riƙe ɗumi, ta dace da hunturu. Ba ta shan fitsari sosai, don haka a sa wani abu mai sha a ƙarƙashinta.

Ganyen masara ko na dawa busasshe, da ɓawon da ke lulluɓe da zangarniyar masara. A yayyaga su ƙanana. Kada a haɗa da karan, yana da tauri, tsininsa yana sukan ƙafa.

Sassaƙen katako manya-manya, irin wanda ke zuba daga injin goge katako. Yana shan fitsari ƙwarai. Sharaɗi shi ne ya zama na farin katako marar ƙamshi, wanda ba a shafa wa magani ko fenti ba. A tankaɗe garin, a zuba shi daga ƙasa, a rufe da ciyawa.

Tsohuwar jarida ko takardar da ba ta da sheƙi. A shimfiɗa daga can ƙasa, ciyawa a sama. In ka ga zomo ya mai da ita abinci, ka cire.

Harawar gyaɗa da ta wake fa? Waɗannan abinci ne mai tsada. Ka rataye su a jikin akurki ko ka sa a ragar waya inda zomo zai riƙa ja yana ci. In ka zuba a ƙasa, fitsari zai ɓata su, ka yi asara biyu.

WAƊANDA SAI DAI A ƘARƘASHIN AKURKI

In akurkinka mai ƙafafu ne, da daɓen waya ko na sanduna inda kashi ke zuba ƙasa, kana iya baza waɗannan a ƙasan, inda bakin zomo ba ya kaiwa: ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, garin katako, yashi, da ɗan toka. Ɓuntu yana da kaifi da ƙura. Ɓawon gyaɗa kuwa yakan ɗauki fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, kuma zomo yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin yi wa lahani a hanta.

Shi kansa daɓen waya yana cin ƙafa, musamman ga manyan zomaye masu nauyi. Ajiye faffaɗan katako ko gutsuren tabarmar kaba a gefe ɗaya don zomo ya sami wurin hutawa.

WAƊANDA ZA KA GUJE WA SAM

1. Garin katako mai laushi a cikin akurki. Yana shiga ido da hanci. Na katakon da aka manna da gam, irin su filawud, ya fi muni.

2. Sassaƙen katakon da aka shafa wa maganin gara, baƙin mai, fenti ko banish.

3. Sassaƙen itace mai ƙamshi mai ƙarfi, kamar itacen turare, da irin su fayin da sidar da ake shigo da su a ƙunshe ana sayarwa a kantunan birni. Man da ke ba da ƙamshin fayin da sidar yana damun numfashi, yana kuma taɓa hanta.

4. Ƙasar da ake sayarwa don bayan gidan kyanwa, wadda ke dunƙulewa in ta sha ruwa. Yadda take dunƙulewa a faranti, haka za ta yi a hanjin zomo.

5. Totuwar masara da aka farfasa. Ba ta narkewa a ciki, kuma tana saurin fumfuna.

6. Ƙaiƙayin gero da na dawa. Sunansa ma ya gaya maka aikinsa.

7. Ciyawar gefen gona ko bakin hanya inda aka fesa maganin kashe ciyawa, da harawar waken da aka yi wa feshi dab da girbi.

8. Ciyawar da ta haɗu da ganyen tumfafiya, zurma, zaƙami ko bini-da-zugu. Duk masu guba ne.

9. Buhun taki, buhun siminti, buhun da aka ajiye irin shuka mai magani, da leda kowace iri.

10. Shimfiɗar da ta fito daga akurkin wani, ko wadda kaji suka kwana a kai. Akwai muguwar cuta ta zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Nijeriya a 2020. Ƙwayarta tana daɗewa a raye cikin ciyawa da buhu da takalmi, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki.

SHIMFIƊAR AKWATIN HAIHUWA

Nan ne ake yin asara mafi yawa. Ana haifar 'ya'yan zomo tsirara, ido a rufe. Sai wajen kwana 10 idon ke buɗewa, sai wajen mako uku su fara fitowa. Uwar kuma sau ɗaya ko biyu kawai take shiga ta shayar da su a yini, na 'yan mintoci. Sauran lokacin shimfiɗa ce ke riƙe musu ɗumi.

1. Rubuta ranar da aka yi barbara. Ran kwana na 28 ka sa akwatin. In ka sa da wuri, za ta mai da shi bayan gida.

2. Akwati mai tsawon inci 18 da faɗin inci 12 ya isa. Huda 'yan ƙananan ramuka a gindinsa don fitsari ya tsiyaye. In tukunyar ƙasa kake amfani da ita, wanke ta ka shanya ta bushe sarai.

3. Zuba ciyawa mafi laushi da kake da ita, kaurin inci uku zuwa huɗu. Uwar za ta gyara da kanta, ta tuge gashin ƙirjinta ta lulluɓe 'ya'yan. Kada ka kwashe gashin nan.

4. Kada ka sa auduga, tsumma, zare ko tsohon buhu. Zaren yana naɗe ƙafa ko wuyan ɗan zomo ya hana jini gudu. Garin katako kuwa yana toshe musu hanci.

5. Leƙa kullum da safe. Cire wanda ya mutu, cire wurin da ya jiƙe, ƙara busasshiya, ka mayar da gashin a sama.

KOWANE LOKACI DA TASA SHIMFIƊA

Damina: laima ita ce abokiyar gaba. Ka yawaita sauyi, ka gyara jinka kada ta yi yoyo. Ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindin zomo, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. Ɗaga zomo ka duba ƙarƙashinsa.

Kaka: lokacin tanadi ne. Yanki ciyawa, shanya ta bushe, ɗaure dami-dami, ka ajiye a kan rumfa ko dandamali, ba a ƙasa ba, saboda gara da ɓera. Karkaɗe kowane dami kafin ka kai akurki, kunama da maciji suna son irin wannan wuri.

Hunturu: ƙara kauri, musamman a akwatin haihuwa. Kare gefen da iska ke bugowa da zana, amma ka bar sama a buɗe don zarni ya fita.

Bazara: zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi. Da zarar zafi ya wuce digiri 30 yana cikin wahala, ga shi a Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri sukan wuce 40. Rage shimfiɗa ta zama 'yar kaɗan, ka bar wani gefe ba kome don ya miƙe a kan sanyi.

TSARIN SHARA

Zomo yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya riƙa fitsari a nan. Lura da ita, ka ajiye tsohon faranti ko kasko mai faɗi, sassaƙe a ƙasa, ciyawa a sama. Aikinka zai ragu ƙwarai.

Kullum: kwashe kashi da wurin da ya jiƙe. Ƙwayar kwaksidiyosis da ta fita cikin kashi sai ta kwana ɗaya ko biyu ko fiye a cikin danshi kafin ta iya kama wani zomo. In kana kwashewa kullum, ka yanke mata hanya. Wannan aiki ne da yaro ma zai iya kafin ya tafi makaranta, in ka nuna masa. Ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

Kowane mako: kwashe shimfiɗar duka, kankare daɓen, bar shi ya bushe kafin ka zuba sabuwa, kaurin inci biyu zuwa uku.

Bayan yaye, ko bayan wani ya yi ciwo: wanke akurki da sabulu, kwarara tafasasshen ruwa, shanya a rana. In ana zargin cuta mai yaɗuwa, wanke da bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, ɗauraye sosai. Shimfiɗar marar lafiya a ƙone ta ko a binne da zurfi.

Ta masu lafiya kuwa kada ka zubar. Tara ta a rami tare da kashin, ta ruɓe, ka kai lambu. Taki ne mai kyau ga tumatir, albasa da alayyafo.

ALAMUN DA ZA SU SA KA ZARGI SHIMFIƊA

Atishawa da majina. Gashin ƙafafun gaba ya manne saboda share hanci. Ido yana ruwa. Gashin dunduniya ya zube ko wurin ya yi ja. Gindi ya ɓaci da zawo. Ka shiga wurin zarni ya sa idonka yaji.

In ka ga ɗaya daga ciki, sauya shimfiɗar nan take, ka ware wanda ya kamu. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana cikin haɗari, kada ka jira gobe. In kuwa biyu ko uku suka mutu farat ɗaya, kada ka sayar da sauran, kada ka ba da aron namiji don barbara. Garzaya asibitin dabbobi mafi kusa ka ba da rahoto.

KA TUNA

Busasshiya, marar ƙura, marar wari, wadda ka san asalinta. Rigakafi ya fi magani. In kana shakkar wata shimfiɗa, ɗebi kaɗan ka kai wa malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku ya duba maka kafin ka zuba.