Sarbiya: littattafan da wuta ba za ta sake ci ba

Ranar 6 ga watan Afrilu 1941, jiragen yaƙin Jamus suka yi ma birnin Belgarad ruwan bama-bamai. Babban ɗakin ajiyar littattafai na ƙasar Sarbiya ya ƙone ƙurmus. Littattafai kimanin 500.000 suka zama toka, har da tsofaffin rubuce-rubucen hannu fiye da 1.000. Kufan ginin yana nan har yau.

Sai mai karatu ya tuna da wannan hasara sannan zai gane darajar aikin da Zoran Stefanovic, marubucin wasan kwaikwayo, ya soma a 1997. Shi ne ya kafa "Projekat Rastko", ɗakin karatu a intanet. An raɗa masa sunan Rastko Nemanjic, ɗan sarkin da ya bar fada ya zama Waliyyi Sava, wanda ya sama ma cocin Sarbiyawa ƴancin kai a 1219.

Masu aikin sa kai ne suka riƙa shigar da waƙoƙi, tarihi da wasannin kwaikwayo cikin na'ura, har da waƙoƙin baka da Vuk Karadzic ya tattara daga bakin talakawa a ƙarni na 19. Ɗan Sarbiya da ke zaune a Shikago ko Biyana yana karanta su kyauta, babu biza, babu kuɗin jirgi.

Sai dai na'ura ba ta tada matacce. Rubutun da ya ƙone a 1941 ba a kwafe shi ba ya tafi ke nan. Shi ya sa ake gaggawar kwafe wanda ya saura tun yana hannu.