Shehu Laminu: Mulki Ba Tare da Hawa Gado Ba

A zamanin sarakunan Saifawa, Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron iyakar yamma. Ta wannan ɓangare ne wutar jihadi ta fara cin daular, har a 1808 Gwani Muktar ya ci Birnin Ngazargamu, wanda kufansa ke gabas da Gashua, wajejen Gaidam. Mai Ahmad, sarkin Borno, ya tsere, ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta.

Wanda ya fitar da Saifawa kunya ba ɗan sarauta ba ne. Malami ne mazaunin Ngala, Muhammadu Al-Amin Alkanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Da almajiransa da mayaƙan Kanumbu da Larabawan Shuwa aka ƙwato birnin. Ya kuma ja daga da alƙalami: a wasiƙunsa ga Muhammadu Bello ya kafa hujja cewa saɓo ba kafirci ba ne, don haka yaƙar Borno bai halatta ba. Bello ya kawo su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri tare da martaninsa.

Abin lura shi ne yadda ya riƙe nasarar. Bai taɓa kiran kansa Mai ba. A 1814 ya gina Kukawa, ya bar Mai a Birnin Kafela da fadawansa da kakakinsa, amma dakaru da haraji da yanke hukunci duk suna hannun Shehu. Da fadawa suka tuɓe Dunama suka naɗa Muhammadu Ngileruma, Shehu ne ya tuɓe Ngileruma ya mai da Dunama. Wasu na kiran wannan ladabi. Ni dabara nake gani. Gidan da ya shekara ɗaruruwa yana sarauta ba a rushe shi rana ɗaya, kuma Barebari ba za su yafe wa baƙon malami ba. Haka Kosimo na gidan Medici ya juya birnin Fulorens na Italiya daga 1434 zuwa 1464 ba tare da rawani ba, majalisa na zama, shi yana zaɓar masu zaman.

Shehu ya rasu a 1837. Ɗansa Umar ya ci gaba da zaman doya da manja da Mai na lokacin, Ibrahim, har Saifawa suka gayyato rundunar Wadai don ta raba su da shi. A 1846 Umar ya kashe Ibrahim, ya haɗe mulki da gadon a gidansu.