Dillalin da ke yi wa kansa shaida

A kasuwar shanu ta Mai'adua ba a gardama kan wanda ya kawo mai saye. Kowa ya ga dillali ya riƙo hannunsa, an taya, an sallama, an miƙa la'ada. To, matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta a Daura, ta biya Facebook kuɗin talla, wa zai shaida mata cewa tallan ne ya kawo ciniki?

Shaidar tana ƙulluwa ne a ɓoye. Da zarar mutum ya latsa talla, sai a liƙa wata doguwar lamba a wutsiyar adireshin shafin da zai buɗe. Burauzar wayarsa, Chrome ko Opera, ta adana lambar cikin ɗan guntun rubutu mai suna kuki, dabarar da Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994. Ranar da ya dawo ya biya, wani umarni da aka binne a shafin, Meta Pixel, zai sa burauzar ta sanar da sabar Meta, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke da Facebook: mai lamba kaza ya saya, ga abin da ya biya. In sayen bai wuce kwana 7 da latsawa ba, galibi tallan ake jingina wa cinikin.

Da Apple ya toshe kukin bibiya a burauzarsa ta Safari a 2020, sannan a 2021 iPhone ta fara neman izinin mai ita kafin a bi sawunsa, sai aka sake hanya. Yanzu sabar mai kaya kan yi magana da sabar Meta kai tsaye, ta miƙa lambar wayar mai saye a rikiɗe. Wannan yana damuna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta bai wa ɗan Nijeriya haƙƙin sanin inda ake kai bayanansa, amma mutum nawa ake faɗa wa? Kuma mai karɓar la'adar shi ne mai ƙirga cinikin.

A Daura ma awon bai cika kaiwa ƙarshe ba. Ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, a tura kuɗi ta banki ko a kai wa mai POS, inda idon Pixel ba ya gani. Abin da allon talla ke nuna wa 'yar kasuwar shi ne yawan masu sallama, har da waɗanda suka tambayi farashi suka yi shiru. Sauran lissafin sai ta riƙe littafi, duk wadda ta biya ta tambaye ta: "Hajiya, a ina kika ga kayan?"